Gyaran da Baffa Ya Yi wa Motata

Da gangan na sayi mota mai kujera biyu, kuma har yau ban ga laifina ba.

Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa Baffa ne ya riƙe ni, shi ya sa ni a makaranta. Ba na musun wannan, ko na so in musa ma ba za a bar ni ba, don a Kazaure babu wanda ya manta. Amma tun da na fara aikin malamin gona ban taɓa mallakar abu ya kwana biyu yana nawa ba. Rediyon da na fara saya, Baffa ya ce zaure ya fi ɗakina buƙatarsa. Kekena ya koma hannun babban ɗansa, wanda nake kira Yaya. Babur kuwa na gayya ya zama: yau an kai wata goggo Roni, gobe an tafi ta'aziyya Gwiwa, mai babur kuma yana takawa ofis a ƙasa. Ba ma roƙona ake ba. Baffa zai ɗago kai kawai ya ce, "Babur ɗin nan namu yana nan?" Shi ke nan, babur ya tafi.

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa aka yi wa ma'aikata ƙari, abokan aikina suka ruga suka sayo motoci masu ƙofa huɗu. Ina kallonsu suka koma direbobin dangi, ba biki ba suna sai da su. Ni na riga na ƙoshi da wannan. A Kano na samu wani Bature injiniya da ya gama aikinsa zai koma gida, yana neman mai sayen motarsa. Ja ce wur, gajeriya, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, ta ɗan sha jiki amma ba ta tsufa ba. Na leƙa na ga kujera biyu rak, bayansu ɗan wurin ajiye jaka. Nan take na ji ta kwanta mini.

Mutumin bai ɓoye mini komai ba. Ya buɗe bonet ya ce injinta ba irin na sauran motoci ba ne, ba shi da fistin ko ɗaya. Wasu ƙarafa ne biyu masu kusurwa uku suke juyawa a cikin ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa, a bakin kowace kusurwa kuma akwai ɗan siririn ƙarfe da yake gogar bango. Don kada su goga a bushe, akwai 'yan siraran tiyo da suke ɗiga baƙin mai a ciki, ya ƙone tare da fetur. Saboda haka shan baƙin mai da ɗan shuɗin hayaƙi lafiyarta ne, ranar da ta daina, ranar ta fara mutuwa. Ya ce kada in kashe ta injin bai yi zafi ba, fetur zai shaƙe ta ta ƙi tashi, in kuma zan kashe in fara ba ta wuta tukuna. Ba ta son lallaɓa, gudu take so. Ya ƙara da cewa 'yan siraran ƙarafan nan babu su a ƙasar nan, in suka tafi, injin ya tafi.

Ranar da na taho da ita gida, da na wuce Dambatta hanya ta miƙe, na taka totur. Ba ta jijjiga, ba ta ƙara irin ta akori-kura, wani siririn kuka take yi yana hawa yana hawa kamar ba shi da ƙarshe. Kafin in ankara duwatsun Kazaure sun bayyana a gabana. Na so motar nan, in faɗa ƙarara. Ban taɓa son wani abu da hannu ya ƙera kamar yadda na so ta ba.

Baffa ya fito daga zaure ya zagaya ta, ya sunkuya ya leƙa ciki, ya daɗe.

"Ina sauran kujerun?" in ji shi.

"Haka aka yi ta, ranka ya daɗe."

"To madalla. Mu da muke da yawa sai mu riƙa binka a ƙasa."

Dattawan da suke zama da shi suka yi dariya. Kafin la'asar gari ya sa mata suna marowaciya, kuma na san ba motar ake nufi ba.

Gaisuwa ce ta fara haɗa mu. Kowace safiya kafin ofis sai na je na gaida Baffa, haka na taso. Ka tsaya nesa kaɗan, ka kashe abin hawanka, ka cire takalmi, ka tsuguna. Gidan da nake haya a unguwar Kanti bai da nisa da nasa, kafin in iso injin bai ko ɗumama ba. Na kashe ta kamar yadda ladabi ya ce, na gama gaisuwa, na murza makulli, ta ƙi. Sai ga ni da rigar ofis ina kwance fulogi ina gogewa, dattawa suna kishingiɗe suna ba ni shawara, mutanen da ko sitiyari ba su taɓa riƙewa ba. Washegari na bar ta a silo na je na tsuguna. Baffa bai amsa gaisuwata ba.

"Kashe abin nan. Ko da ita zan gaisa?"

Sai na koma ina fita hanyar Daura in zagayo ta yi zafi, sannan in zo. Amma dole in ba ta wuta kafin in kashe, ta yi wannan kukan nata ta busa hayaƙi. Nan kuma aka ce ina yi wa manya gurnani a ƙofar gida. Na yi ƙoƙarin yi wa Baffa bayani, da ladabi, kaina a ƙasa.

"Allah ya ƙara maka lafiya, haka injinta yake. In ba a yi mata haka ba..."

"Kai, rufe mini baki. Mun hau mota tun ba a haifi uwarka ba. Abin da yake hayaƙi yana shan baƙin mai kamar ruwa, ciwo gare shi. Bature ya cuce ka, kunya ta hana ka faɗa."

Wannan magana ita gari ya ɗauka. Duk wanda ya gan ni ina ƙara mata baƙin mai sai ya girgiza kai ya ce Allah ya sauwaƙe, kamar mai jinya. Akwai wani bakanike a bakin tasha, abokin hirar Baffa, wanda ya tsufa a ƙarƙashin manyan motoci. Kullum na wuce sai ya ɗaga mini hannu ya ce, "Malam, kawo ta in duba maka, rabin yini ya ishe ni." Ban taɓa bari ya taɓa ko bonet ɗinta ba. Da hannuna nake mata komai. In duba mai da ruwa kowace safiya, in tace fetur da ƙyalle, in goge fulogi, ran Lahadi in kai ta hanyar Kano in sakar mata linzami ta wartsake. Ba ta taɓa ba ni kunya a hanya ba, sai a ƙofar gidan Baffa.

Ana haka aka tura ni kwas Zariya, na 'yan watanni. Na je sallama, Baffa ya ce mota ba za ta zauna a gidan haya ba kowa, a kawo ta ƙofar gidansa. Wannan gaskiya ne, na kawo. Sai ya miƙo hannu.

"Kawo makullin in ajiye maka."

Ta yaya zan ce wa mutumin da ya riƙe ni a'a, a gaban mutane, a kan ɗan makulli? Na ba shi. Na ce, "Baffa, don Allah kada kowa ya tayar da ita."

"Wa zai taɓa maka? Je ka, Allah ya kiyaye hanya."

Ranar da na dawo ko ruwa ban sha ba aka ce Baffa yana kira. Na tarar da zaure cike, har da waɗanda ba su saba zama ba. Motar tana gefe an wanke ta tana ƙyalli. Bakaniken nan yana zaune kusa da Yaya, bakinsa har kunne.

Bayan gaisuwa Baffa ya gyara zama ya ce, "To, ɗan nan, ciwon motarka ya warke. Na ga kana wahala kana ɓoyewa, na ce ba zan zuba ido ba. Ba ta shan baƙin mai yanzu, hayaƙi kuma ya ɗauke. Kada ka tambayi abin da aka kashe, ni na ɗauka."

Bakaniken ya karɓe. "Ai Malam, abu ne ɗan kaɗan. Wasu 'yan tiyo na gani suna zurarar da mai cikin inji, aikin banza. Na yanke su na toshe da ƙusa. Yayanka ya yi ta gwada ta, Roni, Babura, har Achilafiya ya je."

"A hankali nake tafiya da ita," in ji Yaya. "Wallahi ban taɓa matsa mata ba, lallaɓa ta nake kamar ƙwai."

Bakaniken ya tashi ya buɗe bonet, ya zaro sandar gwajin mai ya zagaya da ita yana nuna wa dattawa. Mai yana nan cif inda ya bar shi, tun watannin baya. Suka yi ta cewa ma sha Allah. Ni kuwa abin da nake gani daban: 'yan ƙarafan nan suna ta gogar bango a bushe, daga Kazaure zuwa Babura, daga Babura zuwa Kazaure, ba ɗigon mai. Na ji kamar in kama mutumin nan in cusa masa ƙusoshinsa a hanci.

Kowa a zaure ni yake kallo. Wani dattijo ya ce, "A'a, farin ciki ne ya hana ka magana? Yi wa Baffanka godiya mana."

Na matsa gaba na durƙusa. Na ce, "Na gode, Baffa. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma." Zaure ya ɗauka da amin. Har bakaniken sai da aka sa na yi masa sannu da aiki. Na sha baƙin ciki iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa haɗiye wanda ya kai wannan ba.

A ranar na zare ƙusoshin, na nemo tiyo na mayar, na zuba baƙin mai har cikin tankin fetur. Banza. Ta riga ta lalace. Da ƙyar take tashi, in ta yi zafi kuma ba ta tashi sam, wannan kukan nata ya koma tari. Ba a jima ba, ina hanyar Kano, na ji wata ƙara kamar an watsa tsakuwa a gwangwani, ta yi shiru. Da aka buɗe injin a Kano na ga bangon ciki duk ya karce kamar an bi shi da fartanya, 'yan ƙarafan sun kakkarye. Na nema a Kano, na nema a Kaduna, na aika har Ikko. Yadda Baturen ya faɗa haka ne, babu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da gari ya ce. Ba wanda ya ce an kashe mini mota. Cewa aka yi, "Ka ga, duk da gyaran da Alhaji ya yi mata ba ta yi ba. Da ba don shi ba ai da tuni ta mutu." Na gaya wa mutum biyu ko uku gaskiyar abin da ya faru, suka kalle ni kamar na zagi iyayensu. Ɗaya ya ce in ji tsoron Allah, butulci ba shi da kyau.

Daga baya bakaniken ya kawo shawara a sa mata injin wata ƙaramar mota da ta yi hatsari. Baffa ya ce hakan ya yi. Na ce su yi yadda suka ga dama. Aka sa. Ta zama mota mai ladabi, tana tashi da bugu ɗaya, ba hayaƙi, a kashe ta a ko'ina ta yi shiru. Aka shimfiɗa tabarma a bayan kujerun, mutum biyu suna lanƙwashewa a wurin. Yaya ne ya ci gaba da tuƙa ta, yau Roni gobe Gwiwa, har ta ƙare. Ni ban sake taɓa sitiyarinta ba.

Tsohon injin aka watsar a bayan gidan Baffa. Ƙofar zauren Baffa tana da halin rufe kanta in iska ta taso, sai ya sa aka ɗauko ɗaya daga cikin ƙarafan nan masu kusurwa uku aka tokare ta da shi. Daidai wurin nake tsugunawa in zan gaishe shi. Baffa ya yi tsawon rai, kuma kowace safiya ta Allah gwiwata tana gefen ƙarfen nan. In an yi baƙo sai ya nuna shi da sanda ya ce, "Na motar yaron nan ne, wadda na taɓa gyara masa." Ni kuma in ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Baffa ya rasu, da ni aka kai shi, kuma ina yi masa addu'a, don ya riƙe ni. Yaya ne yake zama a zauren yanzu, ya tsufa, ni ma haka. Da Sallar da ta wuce na je gaishe shi, na ga ƙarfen yana nan, ya yi tsatsa, kusurwa ɗaya ta lotse. Na ce, "Yaya, ina son in tafi da ƙarfen nan."

Ya duba ƙasa ya dube ni, ya yi dariya.

"Wanne? Au, namu na ƙofa? Haba, kai kuwa. In ka ɗauke da me za mu tokare?"

Na sa takalmina na fito. Yana can har yau, kuma har yau ban yafe ba.