Zaren da Ya Tsallake Dabino

Kakata Iya ba ta taɓa kiran sunan babana ba, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye, don shi ne ɗan farinta. In tana da saƙo, mu jikoki muke kaiwa. In kuwa saƙon ya fi ƙarfin bakin yaro, sai ta mayar da shi tatsuniya.

A unguwar Mandawari muke, lokacin da rediyo ya fara shiga gidajen cikin birni. Bayan sallar isha'i mukan kewaye murhu kafin garwashin tuwo ya mutu, Iya tana kaɗi tana ba mu labari. Ni ce mai zama kusa da ƙafarta, ni ce kuma mai yawan katse ta, har ta sa mini suna Sarkin Tambaya.

Kakanmu Alhaji, mijin Iya, tun yana yaro ya biyo ayari daga Turabulus, bai sake komawa ba. A shekarar nan idonsa ya tafi, jiki ma ya ƙi, kuma ba abin da yake so kamar ya ji Larabci daga can. Baba, da yake ma'aikacin gidan waya ne, ya haɗa akwatin rediyo da hannunsa. Amma akwatin ba ya kamo nesa sai an ɗaga masa waya sama sosai, kuma ba abin da ya kai dabinon bayan gidanmu tsawo.

Hawa bai taso ba, don wanda ya hau zai leƙa tsakar gidajen mutane da matansu. Sai jifa. Baba ya ɗaura dutse a igiya mai kauri ya yi ta wurgawa, tana faɗowa kansa. Ko da ta tsallake ma, gidan Malam Sule maƙwabcinmu za ta faɗa, ga shi ba sa ga maciji da Baba tun rigimar indararon da ke zubar mana da ruwa a katanga. Kullum Alhaji zai tambaya ko an gama, a ce masa saura kaɗan. Tausayinsa ya hana ni sakewa.

Ran nan Baba yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana warware igiya, fuska a murtuke. Iya ta ce mu matso ga wata ta zo, amma ta ɗaga murya fiye da kullum.

Wai wasu 'yan'uwa biyu ne suka ɓata, ƙasa ta tsage a tsakaninsu, wawakeken rami. Hatsi yana wajen babban, rijiya tana wajen ƙaramin, uwarsu tsohuwa kuma tana gefen babban tana fama da ƙishirwa. Babban ya tufka igiya kamar cinya don ya yi gada, ya yi ta jifa, rami yana haɗiyewa. Sai wata tsohuwa mai kaɗi ta kama buzuzu, ta ɗaura masa zare a ƙafa, ya tashi ya tsallake. Zare ya jawo tsirkiya, tsirkiya ta jawo igiya.

Na ce to wa ya kama zaren a can?

"Yauwa, Sarkin Tambaya," in ji Iya. "Ai sai da babban ya tsaya bakin rami ya ce, ƙanena, ina kwana? Gaisuwar nan ita ce zaren farko. Ba a fara jefa wa mutum igiya mai nauyi."

Na tambayi abin da ya haɗa su faɗa, ta ce ita ma ta manta. Ta rufe da cewa ƙarya ce ta shirga mana, kowa ya je ya kwanta. Baba ya naɗe igiyarsa ya shige ɗaki.

Da safe ya tsaya a zauren Malam Sule ya yi sallama. Ban san abin da suka ce ba, na dai ga an aiko ni in karɓo zare wajen Iya. Ta miƙo mini ba ta ko ɗago kai ba. Baba ya ɗaura shi a ɗan dutse ya harba da danƙo, ya bi ta kan dabino ya sauka can. Malam Sule da kansa ya ja, har waya ta hau.

Da yamma rediyo ya yi ta shuu, can sai ga murya. Alhaji ya kafa kunne ya daɗe, hawaye yana bin gemunsa. Sannan ya ce, "Wannan Larabcin Masar ne, ba na garinmu ba. Amma ku bar shi." Kafin damina ta faɗi ya rasu.

Ina yarinya na ɗauka wayon buzuzu Iya take koya mana. Da na girma na ce a'a, sauke girman kai take nufi. Yanzu da na kai shekarunta, na yi jinyar nawa mijin, ina ganin ba ta damu da wanda ke da gaskiya a zancen indararo ba, ba ta ma damu su shirya don kansu ba. Ita ce take kwana tana jin numfashin tsohon. Ta san ba shi da sauran lokacin da zai jira fushin maza ya huce.