Hatimin Tomezo

Shekara ashirin da biyu Kuwabara Tomezo ya yi yana duba ƙananan bindigogin hafsoshi a wata masana'anta da ke gefen Tokyo, irin waɗanda ke ɗana kansu bayan kowane harbi. Mutum ne mai taurin kai, ga kunne kamar na mage. Sai ya kara bindiga a kunne, ya ɗana, ya saki. In ƙarar ta yi masa, ya buga mata hatiminsa, ɗan harafi guda da bai kai ƙwayar shinkafa ba. In ba ta yi ba, ko wa ya aiko ka sai dai ka yi haƙuri.

Da yaƙi ya yi tsanani, ƙarfen kirki ya yi wuya. Allurar da ke dukan harsashi ta koma karyewa kamar tsinke, Tomezo kuwa ya shiga mayar da rabin abin da aka kawo masa. Shugaban sashensu, Hirose, ɗan ƙauyensu ne, tare suka shigo birni da takalman ciyawa.

"Tome, kai fa bala'i ne," in ji Hirose wata rana suna cin dunƙulen shinkafa. "An ce ka tafi Nagoya wata uku ka koya wa sababbi aiki. Girma ne, kada ka ɓata min fuska."

"Hatimin fa?"

"Kawo in ajiye maka mana. Ko ni ma sai ka kara ni a kunne?"

Tomezo ya yi dariya ya miƙa masa abin da ko matarsa bai taɓa bari ta riƙe ba. Da ya dawo ya ga bakin hatimin ya ɗan cinye, sai ya ɗora wa idonsa laifi.

Shekara guda da ƙare yaƙi, Masao, mijin 'yarsa Fumi, ya dawo daga fagen yaƙi a tsibiran kudu, bayan har an yi masa makoki. Da rai abokan gaba suka kama shi, kuma a unguwar ba wanda ya yafe masa wannan, don a wurinsu gara soja ya kashe kansa da a kama shi. Ya durƙusa gaban surukinsa, ko kallon shayin da aka ajiye masa bai yi ba.

"Baba, bindiga wajen ashirin na juya sai da na sami mai hatiminku. Na ce wannan ba za ta kunyata ni ba. Ranar da aka zagaye mu na rage harsashi ɗaya don kaina. Sau uku ina jan kunama, shiru."

"Wane wata aka buga a jikinta?"

"Shekara ta sha tara ta mulkin Sarki, watan takwas."

A wannan watan takwas ɗin Tomezo yana Nagoya. Ashe tun ranar dunƙulen shinkafa aka gama da shi, yana dariya. Bindiga nawa aka buga wa sunansa? 'Ya'yan wa suka riƙe su? Ya buɗe baki zai ambaci Hirose, sai ya tuna cewa da hannunsa ya miƙa hatimin, ba wanda ya ƙwata. Masao ya tashi ya fita.

Can sai Fumi ta shigo ɗaukar kofuna. Ta ja ƙofa ta rufe, ta kai goshinta har tabarma.

"Na ji komai, Baba," ta ce a hankali. "Na san da gangan kuka bar lalatacciyar bindigar nan ta wuce. Na gode."