Wasiƙar da Na Aika Sule Tankarkar

Kwamfutar da aka kawo ofishinmu a Gumel, wajen ƙarshen shekarun casa'in, baƙin allo gare ta. Babu hoto, sai ka rubuta mata umarni ta bi. Ni aka ɗauko daga kan tafireta aka ɗora a kanta, kai kuwa ya kumbura, ko kujerata ba na so a taɓa.

Wasiƙunmu kusan iri ɗaya ne, barka da haihuwa, ta'aziyya, kiran taro. Wani ma'aikaci mutumin Filato, wanda ya koya mini na'urar, ya sa mini wata 'yar manhaja mai ajiye guntayen rubutu. Ka kwafi sakin layi ta riƙe maka a lamba, ka kira lambar ta liƙa maka. Sai dai akwai ta da nawa. Kafin ta liƙa sai ta nuna rubutun, ta tambaye ka ko ka tabbata. Wutar lantarki kuwa ba ta jiran kowa. Da haushi ya ishe ni na cire tambayar, na sa ta riƙa turawa wurin bugawa kai tsaye, na kuma sa abin da aka fi kira ya riƙa hawa sama. Malamin nawa ya ce in bar tambayar, na ce masa ni sauri nake so.

Muna da malamin gona a garin Sule Tankarkar, mutumin kirki, shekara goma sha ɗaya da aure bai samu haihuwa ba. Allah ya ba shi ɗa, ranar kwana biyar ya karɓi abinsa, ko suna ba a yi ba. Shugabanmu ya ce in buga ta'aziyya yanzu, mai babur yana jira a bakin ƙofa. Tun da na san manhajar nan ta'aziyya ce lamba uku. Na rubuta sunansa, na kira uku, shugaba ya sa hannu bai duba ba kamar kullum, na ninke. Na manta cewa a watan an yi ta haihuwa, barka ta hau ta ture ta'aziyya ƙasa.

Sai bayan kwana biyu na kira uku don wata wasiƙar, na ga takarda ta fito da "Allah ya raya". Nan na gane barka na aika wa malamin gona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na hau mota na tafi. Na tarar da malamin gonar a kan tabarma a ƙofar gida, na yi gaisuwa, na ja shi gefe. Na fara bayanin lambobi, ina jin kaina ina magana kamar maras hankali. Ya bari na gama.

"Na san kuskure ne, Malam," ya ce. "Ba na nan aka kawo, matata aka miƙa wa. Ta karanta har ƙarshe, ta sa a cikin kayan yaron. Na ce ta ba ni in yaga, ta ce a bar mata, ita kaɗai ce takardar da ta yi masa addu'ar rayuwa."