Taron Farfaɗo da Ƙungiya a Malaz

Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausawa a jami'a, a nan ƙasar Larabawa, ta mutu ne lokacin annoba. Aka rufe ɗakin da muke taruwa, muka gama karatu, kowa ya kama gabansa. Ni na samu aiki a wani ofis a unguwar Ulaya.

Tsohon shugabanmu ne bai haƙura ba. Mutumin Damagaram ne, yana tsaron kantin littattafai a unguwar Malaz. Ya yi ta zirga-zirga jami'a, aka ce masa sai ya samo malamin da zai tsaya wa ƙungiyar, kuma sai an ga ɗalibai na yanzu suna so. Ya samo malamin. Ɗaliban kuwa ni ya ɗora wa, saboda ƙanena yana cikinsu.

Na yi musu magana a waya. Yawancinsu haifaffun nan ne, Larabci ya fi zama a bakinsu. Kowa ya ce insha Allah. Na san irin wannan insha Allah ɗin, amma da shugaba ya tambaye ni, sai na ce masa yara sun ɗoki abin.

Ya kama wurin taro ranar Juma'a bayan la'asar, ya sa wata mata a unguwar Manfuha ta tuƙa tuwo da miyar kuka, manyan kuloli. Malamin ya zo da wuri. Ɗaliban da suka zo ba su cika tabarma ɗaya ba.

Ɗaya daga cikinsu ya tambaya da Larabci, cikin ladabi, me ƙungiya za ta yi musu wanda waya ba ta yi. Shugaba ya ba su labarin yadda muke tarbo baƙon ɗalibi a filin jirgi, da yadda muka yi jinyar wani ɗan Maraɗi har ya rasu, muka kai shi makwanci. Ya waiwayo ni don in ƙara. Na sunkuyar da kai.

Malamin ya sha shayi ya tafi, bai ƙara waiwayarmu ba.

Da muke loda kulolin a motata, shugaba ya ce mini, "Malam, da ka faɗa mini gaskiya, da a ɗakina muka yi, ba sai malami ya gani ba."

Yanzu duk wata yana tara 'yan kaɗan a ɗakin nasa. Ƙanena na zuwa. Ni kunya ta hana ni, ko da yake bai fasa gayyata ta ba.