Jinjina ga Mama Martha, Mai Burodin Lemu na Ƙofar Sauri

Kafin ƙarfe shida na safe napep kan sauke Mama Martha a bakin gidan burodin marigayi Alhaji Abbas da ke Ƙofar Sauri, ta taso tun daga Kambarawa. Ta gaida mai gadi, ta tambaye shi iyali da kwanan yara, ta ɗaura zanen aiki, sannan ta wuce kowa ta nufi lungun bayan randa, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. A nan tukunyarta take, 'yar tukunyar ƙasa da aka kife da faranti, bakinta duk busasshen ƙullu. Abin da ke ciki kwaɓin fulawa ne da ruwa da aka bari ya yi tsami, yana kumfa, yana tashi da kansa ba tare da yis ba. Uwar kwaɓi take kiransa. Goggonta ce ta ɗibar mata a gwangwani ranar da za a kawo ta daga Kagoro zuwa gidan mijinta Yohanna a Katsina.

Uwar kwaɓi abu ne mai rai, kuma mai rai sai da ci. Kullum Mama takan kwashe rabi ta ajiye gefe, ta zuba sabuwar fulawa da ruwa a kan sauran, ta juya da hannu, ta rufe. Da zafi safe da yamma take yi. Ranar Lahadi, da ba ta aiki, daga coci takan biyo da kayan adonta ta ciyar da tukunya kafin ta je gida ta ciyar da mutane. Shekara ashirin da tara tana wannan, kuma a takardun gidan, har ranar da ta ajiye aiki, sunan aikinta mai wankin faranti.

Rabin da ake kwashewa shi ne ragowa, wanda masu sana'a da yawa ke zubarwa. Ita ba ta iya zubar da fulawa ba, hannunta ba ya yarda. Sauran ranaku takan zuba ragowar cikin kwaɓin burodin gida, shi ya sa nasu yake kwana uku bai yi fumfuna ba, masu shayi suna rububinsa ba su san dalili ba. Ragowar Alhamis kuwa ta burodin lemu ce.

Da yammar Alhamis takan tsaya wurin Malam Habibu mai lemu a bakin titi. Kowa ya san yadda masu lemu ke fere shi, su cire fatar sama siririya su bar farin, fatar ta taru a daro. Ita take karɓa. Ta wanke, ta yayyanka, ta daka da sukari a ɗan turmi har sukarin ya canza launi, ƙamshi ya cika ɗakin gashi. Ragowar uwar kwaɓi kuma ta haɗa ta da fulawa da madara da ƙwai da man shanu da ɗan gishiri, ta rufe ta bar ta ta kwana. Da safiyar Juma'a ta murza kwaɓin da kwalba ya yi faɗi, ta shafe shi da man shanu, ta barbaɗa sukarin lemun, ta naɗe shi kamar tabarma. Ba ta yanka shi da wuƙa, don wuƙa na danne naɗin. Zare take sa masa ta ƙasa ta ja, ya fita zagaye tsaf. In ya fito daga wuta da zafinsa ta kwarara masa ruwan lemu da ta dafa da sukari har ya yi danƙo.

"Ni dai ɓawo nike ba ta, abin da awaki ke ci," in ji Malam Habibu. "Ran da ta hwara kawo mani abin da ta yi da shi na ce, Mama, wanga da sharata kika yi shi? Ta ce, ci dai, Malam. Tun ranar ban ƙara bari ɓawona ya taɓa ƙasa ba."

Marigayi Alhaji Abbas ya ɗanɗana, ya ce wannan ya zama sadakar Juma'a. Allah ya ji ƙansa, ya yi niyyar alheri. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci mutane kan taru a ƙofar gidan, daga Gobarau, daga cikin gari, kowa ya karɓa ya yi wa Alhaji addu'a. Burodin Alhaji ake ce masa. Daga baya aka fara sayarwa a leda mai sunan gidan, sunan dai na Alhaji. Matar da ta tsaya gaban wuta tun safe tana ciki tana wanke faranti, tana jin addu'ar ta taga. A nan ne rai ke ɓaci. Mu mutanen garin nan mun iya ci, mun iya lashe yatsa, amma ba mu iya tambayar wa ya yi ba.

Ke ce, Mama, da yis ya yi wuya a kasuwa wata shekara, gidajen burodi suka rufe ɗaya bayan ɗaya, kika raba uwar kwaɓi a robobi kika riƙe gidan nan mako biyar da ita, ba a kashe wuta ko rana ɗaya ba. Aka ce Alhaji ya iya sana'a. Ke ce da azumi kike cewa masu azumi su ja baya su huta, ki tsaya bakin murhu ke kaɗai a tsakiyar rana, kuma ba wanda ya taɓa ganin kin kai ruwa baki a gabansu. Ba wanda ya sa ki, kuma ba a taɓa kiran ki gefe an ce sannu ba. Mai hannun albarka, uwar Juma'ar Ƙofar Sauri.

Sanyin ƙashi ne ya kama yatsunta a 'yan shekarun nan, har ta kai ba ta iya matse lemu. Ta san lokaci ya yi. Cikin ma'aikatan gidan mutum ɗaya ce ta taɓa tsayawa ta leƙa tukunyar ta ce mene ne wannan, wato Binta, wata bazawara mai 'ya'ya uku da ke aikin sa burodi a leda. Shekara huɗu Mama tana koya mata, har Binta ta iya gane yunwar uwar kwaɓi daga warinta. Buri ɗaya Mama ta ci a kan barin aikinta: ta miƙa wa Binta tukunyar nan da ranta, a gaban jama'a, kowa ya ga inda burodin ke fitowa kuma ya ga hannun da zai ci gaba. Binta ta sha cewa a ɗibar mata kaɗan ta ajiye a gida.

"Ki bari sai ranar," in ji Mama. "Sau ɗaya dai a rayuwata ina so a ga abin nan da rana tsaka."

In akwai kuskuren da ta yi, wannan ne, kuma ba mai bakin da zai ga laifinta.

Gidan yanzu yana hannun Ashraf, ɗan marigayi, wanda Mama kan goya yana jariri in uwarsa ta shigo gidan burodi. Yaro ne mai fara'a da son tsafta, ya sa tayil, ya kawo injin kwaɓi, ya ɗinka wa ma'aikata riguna iri ɗaya. Shi ya ce sai an yi wa Mama bikin sallama na gani na faɗa ranar Asabar. Ya ce kada ta fito da safe, mota za ta je ta ɗauko ta. Binta ce za ta ciyar da uwar kwaɓi ran nan. Ta je bayan randa ta tarar ba tukunya. Ta je ta sami Ashraf hankalinta a tashe.

"Kwantar da hankalinki," in ji shi yana murmushi. "Tana ofis, ni na ɗauke ta jiya. Mamaki nike son ba Mama."

Binta ta ɗauka ya ajiye ta ne yadda take. Ta ce a bar ta ta zuba mata fulawa, ya ce bayan taro.

An kafa rumfa, an jera kujeru, an kawo mai lasifika. Aka yi jawabai. Wani ya yi minti ashirin yana yabon hangen nesan marigayi, ya ambaci Mama sau ɗaya, shi ma sai da ya duba takarda. Ita tana zaune a gaba cikin sabuwar atamfa, Yohanna a gefenta, tana maimaita abin da za ta faɗa a ranta. Gajere ne: Binta, ga uwar kwaɓi, safe da yamma.

Sai Ashraf ya fito da abu a lulluɓe, ya yaye a gaban kowa. Tukunyar ce. An shafe ta da fenti mai sheƙi ciki da waje, an ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, an rubuta sunan gidan a jikinta da ruwan zinare.

"Mama," ya ce cikin lasifika, "tun ina yaro nike ganin tukunyar nan cikin dauɗa, na ce wallahi ba za ki tahi da ita haka ba. Sai da aka jiƙa ta da ruwan zahi, aka kankare ta da soson ƙarfe. Dubi yadda ta koma sabuwa."

Aka ɗauki tafi. Mama ta karɓa da hannu biyu, ta ji ba nauyi. Ta ɗaga murfin, ta leƙa, ta kai hanci. Warin fenti da sabulu.

"Alhaji ƙarami," ta ce a hankali, "abin da ke ciki fa?"

"Ai an zubar a kwata, Mama. Ya ma lalace, tsami yake yi."

Binta ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa, ta toshe baki da mayafi. Masu tafi suka ɗauka kukan rabuwa ne, suka ƙara tafi. Mama ta tsaya da tukunya a hannu, ba sauran abin da za ta miƙa wa Binta. Abin da goggonta ta ba ta, abin da ya girmi wanda ya zubar da shi, ya bi kwata tun jiya da la'asar. Ta rufe murfin.

"Na gode," ta ce. "Allah ya yi albarka."

Kada kowa ya ce ai yaron bai sani ba. Rashin sanin shi ne laifin. Ya girma da burodin nan a bakinsa, ya gaji gidan, ya san kamfanin da ya ƙera injinsa da ƙasar da aka kawo tayil ɗinsa, amma bai taɓa durƙusawa ya ce, Mama, me kike zubawa a tukunyar nan safe da yamma ba. Da ya yi mugunta ne da an san inda za a kama. Kyauta ya yi, yana dariya, yana jiran a gode masa, kuma aka gode masa. Ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya zauna a rumfar nan ya tafa yana da kaso, haka duk wanda ya taɓa miƙa hannu ranar Juma'a bai leƙa ciki ba. Da maganar ta isa kunnen Ashraf daga baya an ce ya tambaya ko ana sayar da irin uwar kwaɓin a Kano.

Ranar Litinin Binta ta je Kambarawa, ido a kumbure. Ta sami Mama a tsakar gida a kan tabarma, da wani tsohon kwanon sha a gabanta, da fulawa a leda, da ruwa a moɗa. Fentacciyar tukunyar na can gefe, ba ta da sauran amfani, don kwaɓi ba ya rayuwa a cikin fenti.

"Mama, laihina ne. Da na matsa mashi da sahen nan…"

"Da safen ma ta riga ta tafi. Wanke hannu ki zo. Nawa ba sa juyawa."

Binta ta wanke hannu ta tsuguna. Mama ta zuba fulawa, ta zuba ruwa.

"Za ta zama kamar waccan, Mama?"

"Kwana bakwai za ta fara tashi. Amma waccan ta girme ki, Binta, ta girme ni ma. Wannan sai ta daɗe a hannunki kafin ta yi irin ɗanɗanon. Ni ba zan ci shi ba." Ta tura mata kwanon. "Juya. Kada ki bar gudaji."

Binta ta juya tana hawaye, Mama tana gyara mata hannu. Ba ta zagi kowa ba, ba ta aika wa kowa saƙo ba. Fushin da ta ƙi yi, mu da muka ci daga hannunta mu ya kamata mu yi shi, mu fara da kanmu.

Wanda duk yake da dattijo a wurin aikinsa, mai shara ne ko mai wanki ko mai hura wuta, ya je yau ya zauna kusa da shi ya tambaye shi abin da ya sani, tun yana da bakin faɗa. Masu sana'a kuma su dubi matar nan su koyi riƙon abu da raina almubazzaranci, su koyi nemo magaji tun da sauran ƙarfi.

Mama Martha, mun gode. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon hannun nan, ya ba ki tsawon rai, ya raya abin da ke cikin kwanon Binta. Ki yafe mana in kin ga dama. In ba ki yafe ba, da gaskiyarki.