Mota Biyu ta 'Yan Dubiya, Babu Mai Ba da Jini

Na manta sunayen rabin 'yan ajinmu na sakandare, na manta har sakamakon da na fita da shi, amma akwai wata Litinin da na yi a asibiti wadda ko tsufa ya cinye min ƙwaƙwalwa ba na jin za ta fita daga raina. Duk sanda ta faɗo min sai na ja tsaki, ko da kuwa a tsakiyar mutane nake.

Ina aji biyar a lokacin, ɓangaren kimiyya, a shekarun nan da aka ƙaddamar da shari'a a Kano. Malaminmu ya nemo mana alfarma, mu 'yan mata kaɗan da muke cika baki cewa aikin asibiti za mu yi, aka bar mu muna zuwa wani asibiti a yankinmu na Rano da dogon hutu don mu ga yadda aikin yake. Ba zan kama sunan asibitin ba, don ba shi ya yi min laifi ba. Aka zagaya da mu ɗakin kati, ɗakin magani da ɗakin gwajin jini, daga ƙarshe ni aka ajiye ni a ɗakin haihuwa, a hannun wata ungozoma da kowa yake kira Sista. Aikina miƙo auduga, riƙe fitila in an ɗauke wuta, sai aike. Amma a raina na riga na zama likita, har tafiyata ta canza.

Da hantsi aka kawo matar daga Saji. Yarinya ce, da kaɗan ta girme ni. Ta haihu a gida, 'ya mace lafiyayya, sai jini ya ɓalle mata. Likita da Sista suka yi ta fama har suka tsayar da shi, amma wanda ya zuba ya riga ya zuba. Sista ta ja fatar idonta ƙasa ta nuna min, fari fat.

"Kin gani?" ta ce. "Ruwa muke ƙara mata, ruwa kuwa ba jini ba ne. In ba mu samu ko leda ɗaya ba kafin la'asar, sai dai wani ikon Allah."

Asibitin ba ya ajiye jini, don wutar da za ta riƙe firji babu ita. Kano kuma, in ji likita, ba za ta jure hanya ba sai an fara ƙara mata. Mijinta direban babbar mota ne, ya yi kudu da shanu, kuma wayar hannu ba ta iso hannun kowa ba a lokacin. Abin da ya rage shi ne dangi su miƙo hannu.

Dangi kuwa, masha Allah! Mota biyu suka ciko. Da Sista ta aike ni in kira su, na tarar da tabarmi a shimfiɗe ƙarƙashin darbejiya, maza reras, mata a can gefe da kulolin abinci jere kamar za a yi walima. Ga tuwo, ga kunun kanwa, ga farfesun kaji, duk na wadda ko ruwa ba ta iya haɗiya. Babbansu wan mijinta ne, wani Alhaji mai motocin haya, ya sha babbar riga, carbi yana ta gudu a hannunsa. Na durƙusa na gaishe su, raina fes, don na ɗauka an gama. Mutum wajen ashirin, ai ko jinin mutum biyar ake nema a samu.

"Sannunku da zuwa, Alhaji. Sista ta ce jini ake buƙata. A zo ɗakin gwaji a duba wanda nasa ya dace."

Wallahi kamar na watsa musu ruwan sanyi. Carbin ya tsaya. Kowa ya shiga kallon na kusa da shi.

Alhaji ne ya fara gyara murya. "Ikon Allah. Ni kin gan ni nan, azumin Litinin nake." Ya juya ga ƙaninsa. Ƙanin, wani ƙato da zai iya ɗaga buhun masara da hannu ɗaya, ya ce zazzaɓi ya kayar da shi makon jiya, har yanzu jiri yake ji. Na uku ya sunkuyar da kai yana murmushi, abokansa suka amsa a madadinsa, wai ango ne, kuma an ce wanda aka ɗebi jininsa ba ya ƙara moruwa a gida. Har da 'yar dariya ƙasa-ƙasa! Mace tana can tana shure-shuren mutuwa, su abin da ya dame su ke nan.

Wani mai gemu ya ɗaga yatsa ya ce a dakata tukuna, shin ya ma halatta a sa wa matar aure jinin namijin da ba muharraminta ba? Aka yi caa, kowa ya zama malami. Ya ce bari ya je ya tambayo limamin masallacin bakin tasha. Mutum uku suka tashi raka shi. Fatawa ɗaya, mutum huɗu! Wani kuma ya matso yana raɗa, wai ya ji in an ɗebi jinin mutum sai an auna shi ƙanjamau, kuma rabinsa Turawa ake aika wa. To kai in ka san ba ka taka komai ba, me kake tsoro a awo? Ban faɗa ba, amma na san fuskata ta faɗa.

Abin da ya fi ƙona min rai, na san fuskokin wasunsu, 'yan tasha ne da 'yan kasuwar hatsi. Su ne suka cika motoci zuwa Kano lokacin gangamin shari'a, suna kabbara har murya ta dushe, suna cewa ko jininsu ne za su bayar saboda addini. To ga shi an nema. Ba duka aka ce ba, leda guda, kuma a ba ka madara ka sha bayan an gama.

Na koma wajen mata. Yawancinsu masu ciki ne ko masu goyo, ba a ɗibar nasu. Ɗaya ta bi ni aka gwada, bai dace ba. Wata ta miƙe da niyyarta, sai ta tuna ba ta nemi izinin maigida ba, maigidan kuwa yana cikin 'yan rakiyar fatawa. Mahaifiyar mai jegon, tsohuwa 'yar firit, ta kama hannun mai gwajin jini tana kuka.

"Ɗan nan, ɗebi nawa. Ɗebe duka, me zan yi da shi?"

Ya ce, "Iya, in na ɗebi naki gado biyu za mu nema." Na nannaɗe hijabina na miƙa nawa hannun, ya dube ni sama da ƙasa ya ce shekaruna ba su kai ba, nauyina ma bai kai ba. Shi da Sista kuwa an riga an duba, nasu ba irin nata ba ne.

Da na sake leƙawa waje bayan azahar, wajen maza tabarmi ne kawai da takalman yara. Wannan ya tafi alwala, wancan ya je duba tayar mota. Alhaji kansa ya sulale, an ce ya je neman rubutu.

Na dawo na zauna kusa da ita na riƙe hannunta, sanyi ƙalau. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "'Yar'uwa, su Yaya sun zo?" Na ce sun zo, mota biyu. Ta yi ɗan murmushi, wai ita ta ji daɗi an damu da ita. Ta tambayi ko jaririyar ta sha wani abu, na ce kakarta ta ba ta ruwan dabino. Ta lumshe ido. Ana kiran la'asar Sista ta zare robar ruwan, ta ja zani ta rufe mata fuska.

Kukan tsohuwa bai gama fita harabar asibitin ba sai ga su. Ban san daga wane rami suka ɓullo ba. Mai zazzaɓi ya warke sarai, shi ne a gaba. 'Yan fatawa sun dawo, ba wanda ya ce ga abin da liman ya faɗa. Ango yana ture mutane, wai a matsa masa shi ma ya kama ya samu lada. Hannuwan nan da aka rasa ɗazu, ga su fiye da goma a jikin gado ɗaya, har ana rige-rige. Alhaji ya tsaya a bakin ƙofa yana ba kowa haƙuri da muryar wa'azi: "Kwana ne ya ƙare. Mun yi iya yinmu."

Ban san sanda bakina ya suɓuce ba. Na ce, "Alhaji, wane yi kuka yi?"

Ya dube ni sheƙeƙe. "Ke 'yar gidan waye? Haka ake koya muku magana da manya a bokon?"

Sista ta jawo ni baya, ta ce masa a hankali, "Yarinya ce, Alhaji, a yi haƙuri. Amma ka riƙe tambayar, za a sake yi maka ita a inda ba a cewa 'yar gidan waye." Suka fita da gawa suna salati. Mata suka kwashe kulolinsu yadda suka zo da su, tsohuwa ta bi bayansu da jaririya a kafaɗa, ba wanda ya karɓa mata.

Na yi imani da ƙaddara, kuma na san ko an ƙara mata jinin, in kwananta ya ƙare ya ƙare. Amma ba su san haka ba lokacin da suka gudu, kuma ba tawakkali ne ya tashe su daga tabarmar nan ba, tsoron allura ne da son jiki.

Yau ni ma ungozoma ce, kuma darasin da ya fi yi min amfani a aikin nan ba a aji na koye shi ba, a ƙarƙashin darbejiyar nan ne: yawan 'yan dubiya ba shi ne gata ba. Sannu ba ta cin komai a jikin mai faɗarta, ɗaukar gawa ma haka. Shi ya sa in na ga dangi sun cika mana haraba, ba na cewa wance ta yi sa'ar mutane. Fitowa nake in ce ana neman jini, in tsaya in ga wanda zai rage a zaune. Wannan ɗin shi ne danginta.