Mutumin da ya ƙi cewa tayar ta kulle

Kullum yakan riga lokacinsa isa hasumiyar filin jirgi. Ya hau matakala a hankali saboda ciwon gwiwa, ya ajiye shayinsa nesa da na'urori, ya goge madubin hangen nesa da bakin rigarsa, sannan ya tsaya ya saurari wanda zai canza har ya gama bayani, ba ya katse shi. Abokan aiki Na-Sama suke ce masa. Matarsa kuwa cewa take yi mai ba jirage umarni bai taɓa iya sa jikokinsa sun yi shiru ba. A makon jiya ya yi ritaya. Agogon bango aka aiko masa da shi ta hannun masinja, ko ɗaya daga cikin manyan filin bai leƙo ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, raina a ɓace.

Waɗanda suke wurin sun ba ni labarin wata rana da hantsi, shekarun baya. Wani jirgin dakon kaya ya kira hasumiya, mutum uku a cikinsa: matuƙi, mataimakinsa da mai kula da lodi. Matuƙin ya ce sun sauke ƙafafun jirgin, amma fitilar da ke nuna ta hagu ta kulle ta ƙi kamawa. Ko fitilar ce ta mutu, ko ƙafar ce za ta lanƙwashe da ta taɓa ƙasa, ba wanda ya sani.

Na-Sama ya sa shi ya wuce ƙasa-ƙasa ta gaban hasumiya, ya bi cikin jirgin da madubi. Tayoyi duk sun fito. Matuƙin, da muryar mai ƙarfin hali, ya ce, "Baba, yaya ka ga ƙafar tawa?"

"Kamar tawa," in ji shi. "Tana nan, amma ban yarda da ita ba."

Ƙa'idar aikinsu ce: na hasumiya ya faɗi abin da ya gani kawai. Makullin ƙafa a cikin jirgi yake, madubi ba ya hango shi. Don haka ya ce wa matuƙin ya yi ta kewaya ya rage mai, shi kuma ya rufe titin sauka, wanda shi kaɗai ne filin ke da shi, ya kira 'yan kwana-kwana su jera motocinsu a gefe.

Sai ga manajan filin ya hawo yana haki. Jiragen fasinja sun yi cirko-cirko, wayarsa ba ta daina ruri ba. Ya tsaya a bayan kujerar Na-Sama, ya tuna masa cewa a watan ne ake duba masu ƙarin girma, sannan ya ce, "Ka gani da idonka sun fito. Ka ce masa lafiya lau, ya sauka mu buɗe titi. Kaya ne fa, ba fasinja ba."

Ba rashin sani ba ne. A kan wannan kujerar manajan ya fara aiki, ya san ƙa'idar sarai.

Na-Sama bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Yallaɓai, na ga ta fito, ban ga ta kulle ba. Kuma wanda nake ji a kunnena ba kwali ba ne."

Da jirgin ya sauka, ƙafar hagu ta ɗan ɗauke shi, sannan ta lanƙwashe. Fiffike ya daki ƙasa, ya yi ta jan ciki yana tartsatsi, wuta ta tashi. Kafin ya gama tsayawa kumfa ta rufe shi. Mutanen uku suka fito da ƙafafunsu. Shugaban 'yan kwana-kwana ya rantse mini cewa da a rumfarsu kiran ya same su, toka za su kwaso.

To, me ya biyo baya? Jaridu suka yabi matuƙi, kuma ya cancanta. Manaja ya tsaya gaban jirgin aka ɗauke shi hoto, yana bayanin shirin da filinsa ya yi. Na-Sama kuwa kwamiti ya kira shi, wai ya yi wa na gaba da shi gardama a gaban ƙananan ma'aikata. Ƙarin girman ya tsallake shi a shekarar, ya ci gaba da tsallake shi har waɗanda ya koya wa riƙe madubi suka zama shugabanninsa. Wannan ba mantuwa ba ce, ramuwar gayya ce, kuma kowa a filin ya sani ya kama bakinsa.

Na tambaye shi ko abin ya yi masa ciwo. Ya ce ya yi, ba zai yi mini ƙarya ba. Matarsa daga cikin ɗaki ta ce in rubuta cewa ita ba ta yafe ba. Na rubuta.

Na-Sama, kai ne ka ƙi sayar da kalma ɗaya a ranar da aka yi mata farashi mai tsoka. Kai ne ka ƙirga mutum uku a inda wasu suka ga lodi. Gagara-lallashi, wanda idonsa da harshensa ɗaya ne. Mun gode. Allah Ya sauƙaƙa gwiwar, Ya biya ka abin da suka hana ka.

Ku kuma da kuka gaji hasumiyar, wata rana wani zai tsaya a bayan kujerarku ya ce ku faɗi abin da ba ku gani ba. Ku sani ƙin faɗar yana da tsada, Na-Sama ya biya har ya tsufa. Amma mutanen nan uku suna gidajensu, 'ya'yansu ba marayu ba ne.